Haƙori ne, in ji Inna

Inna ta sa ɗan yatsanta cikin bakin yarinyar, ta shafa dasashin sama, ta ɗaga kai ta dubi uwar.

"Haƙori ne. Ga shi nan ya kumburo. In ya huda, zawon zai tsaya da kansa. Kar ki tada hankalinki."

Ina zaune a kan tabarma bakin ƙofar ɗakina, duk ina ji. Watan Agusta ne na bara, muna cikin babban hutu, Gulbin Maradi ya kawo, lungunan unguwarmu kuwa duk caɓi, in ka fita da takalmi sai ka dawo da shi a hannu. Yarinyar da ake magana a kanta ɗiyata ce ta fari, watanta goma a lokacin. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, ko a gida ba na kama shi. Tun asuba ta yi zawo sau huɗu, tsararo kamar ruwa. Ba wanda ya faɗa mini, na ƙirga ne ta tsummokaran da maiɗakina ke shanyawa a igiya.

Aikina koyar da kimiyyar halitta a kwaleji, shekara tara ke nan. Kowace shekara sai na zana wa ɗalibai hanyar nan a allo: daga bayan gida zuwa hannu, zuwa ƙuda, zuwa ruwa, zuwa baki. Na san in mutum ya yi bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini ɗaya, zawo ke nan, kuma abin da ake fara yi shi ne a mayar masa da ruwan da ya zubar. Duk na sani, amma ranar nan ban ce uffan ba. Wanda ya tashi cikin Hausawa ya san dalili. Ɗan fari na kakanni ne. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi, balle ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce mata ba haka ba ne. Uwar ma kunyar ce ta ɗaure mata baki. Inna ce mai yarinya, ita ke goyonta, ita ke kiranta kishiya, ita ta haifi tara ta raini jikokin da ba su ƙirguwa da yatsun hannu. Sai na ce a raina, bari mu ga gobe.

Maganar haƙorin nan ba daga sama ta faɗo ba. Iyayenmu sun lura da abu na gaskiya: yara sun fi yin zawo tsakanin wata shida da shekara biyu, daidai lokacin da haƙora ke fitowa. Sai dai haƙorin da zawon hanya ce kawai ta haɗa su, kamar baƙi biyu a motar Jibiya. A watannin nan ne yaro ke fara rarrafe, tafinsa a ƙasa, duk abin da ya tsinta sai baki, balle ga dasashi na yi masa ƙaiƙayi. A nan ne ake fara ba shi kunu da fura da ruwan randa, bayan da can nono kaɗai ya sani. A nan ne kuma kariyar da ya zo da ita daga cikin uwa take raguwa. To tsakar gidanmu da damina, inda kaji ke kiwo, inda ruwan sama ke shigo da abin da ya kwaso daga lungu, me yaro zai tsinta a ciki? Haƙori ba ya sa hanji zubar da ruwa, ƙwayar cuta ce ke sa shi.

Ranar Laraba zawon ya ƙaru, jikinta ya yi zafi. Da la'asar mai tallar magani ya biyo ta lungu da tirensa a ka. Inna ta aika aka sayo kafso biyu, masu ja da ɗorawa ɗin nan, ta buɗe ɗaya ta zazzage garin a cokali, ta dama da ruwa ta ɗura mata. Kowa ya san kafson nan da ke yini a rana yana yawo, ana ba mutum, ana ba akuya, ana ba kaza. Dangin tetirasaikilin ne, wanda likitoci ba sa ba ƙananan yara saboda yana ɓata haƙoran da ba su gama tsirowa ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, Inna ta ce a rage ba ta ruwa, tunda duk abin da ta sha fitowa yake yi. A ido maganar tana da kama da hankali: tulu mai yoyo, wa zai yi ta zuba masa ruwa? Amma ruwan da ke fita daga cikin yaro daga jininsa da namansa yake fita, ko ya sha ko bai sha ba. In ba a mayar ba, bushewa zai yi yana kwance a cinyar mutane.

Daren Alhamis bayan isha'i maiɗakina ta shigo ta turo ƙofa, ta kunna fitilar waya, ta buɗe mini wani tsumma. Kashin ɗan kaɗan ne, amma ga majina mai yauƙi, ga jini ya ratsa ta. Ta ce tun azahar haka yarinyar take yi, sai ta yi ta nishi tana kuka kafin ya fito, kuma tun safe ba ta ga fitsarinta ba.

Na tashi na shiga ɗakin Inna. Ban taɓa ɗaukar yarinyar nan a gabanta ba sai ranar. Na ji ta shafal, kamar an zare mata wani abu. Idanu sun zurma, maɗiga ta lotsa, na ɗora yatsa na ji ramin. Tana kuka amma babu hawaye. Na ɗan tsunkuli fatar cikinta na saki, fatar ta tsaya a tattare kafin ta koma a hankali.

"Inna, likita za mu kai ta."

"Da daren nan, Malam? Cikin ruwan nan? Ka bari gari ya waye mana."

"Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya bari ba."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta jawo mayafinta. "To mu je."

Na ɗauki uwar da ɗiyar a babur, Inna ta biyo mu a kabu-kabu. Majon, wato babban ma'aikacin jinya, da muka tarar yana kwanan aiki ya san ni, ɗansa ya taɓa zama ɗalibina. Ya ɗora ta a sikeli, kilo bakwai. Ya tambayi kwana nawa, na ce uku. Ya tambayi abin da muka ba ta, Inna ta kwance bakin zane ta nuna masa ɗayan kafson. Bai yi wa kowa faɗa ba, sai dai ya karɓa ya jefa a kwandon shara. Ya miƙa wa yarinyar ƙaramin kofi, ta cafke shi da hannu biyu tana zuƙa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tunda tana sha da ƙishi haka, ba sai an yi mata ƙarin ruwa ta jijiya ba. Da kun ƙara yini ɗaya, da wata maganar ake yi."

Ya yaga ƙunshin garin gishiri da sukari, ya juye cikin lita ɗaya ta ruwa, ya ce a cikin awa huɗu ta sha rabin lita da ɗan ɗoriya, lissafin nauyinta ke nan. Ba ɗura ba, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. In ta yi amai a jira minti goma a ci gaba, a hankali fiye da da. Nono kuwa kar a tsaya, duk lokacin da ta nema a ba ta. Inna ta karɓi cokalin daga hannun uwar, ta zauna a kan benci ta miƙe ƙafa, ta kwantar da kishiyarta a cinya. Sau biyu yarinyar tana amayarwa, sau biyu Inna tana duban agogon bango tana jira. Ina tsaye jikin taga ina jin ruwan sama a kan kwano. Wajen ƙarfe biyu na dare sai Inna ta ɗaga yarinyar, ga zanenta ya jiƙe. Ta sunsuna, ta ce fitsari ne. Majo ya leƙo ya ce abin da yake jira ke nan.

Na daɗe ina koyar da yadda ruwan nan ke aiki, amma sai a daren nan na gan shi da idona. A bangon hanji akwai wata ƙofa da gishiri ba ya shiga ta cikinta sai tare da sukari. In sun shiga tare, ruwa na biye da su zuwa cikin jini. Ikon Allah, ko da ƙwayar cuta ta hargitsa hanji, ƙofar nan tana ci gaba da aiki. Shi ya sa ma'aunin yake da muhimmanci: in sukari ya yi yawa, kamar na lemon kwalba, sai ya ƙara jawo ruwa zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru, in gishiri ya yi yawa shi ma illa ne ga yaro. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin ƴan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dinga haɗa gishiri da sukari a cikin duro, dangin marasa lafiya na ba su da kofi. Mace-macen da ke wajen kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Yau shekara fiye da hamsin ke nan, ƙunshin yana nan a kowace likita da kowane farmasi, kuɗinsa bai kai na katin waya ba, amma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna zawo na kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 a kowace shekara. Kwana uku ɗiyata ta yi a kan hanyar shiga wannan lissafi, ina zaune a tabarma.

Game da jinin, majo ya ce atini ne, kuma a yaro mai zazzaɓi da jini a kashi ƙwayar Shigella ake fara zargi. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana uku daidai da nauyinta, da ƙwayar zinki guda a kullum har kwana goma, a narka a cokali da ruwan nono, kuma kar a daina ko da zawon ya tsaya. Zinkin yana rage tsawon ciwon, yana kuma sa ya yi wuyar dawowa a watannin da ke biye. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar. Zinki da garin ruwan an ba mu, ɗayan maganin da safe na je na sayo.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin mu duk zawo muke cewa, alhali ba iri ɗaya ba ne. Shigella, wadda wani masanin Japan mai suna Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, kutsawa take yi cikin bangon babban hanji ta yi masa gyambo. Daga nan jini da majina da murɗa da yawan nishi suke zuwa. Ba ta buƙatar yawa, ƙwaya goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum, abin da bai kai ƙurar da ke maƙale a ƙarƙashin farce ba. Saboda haka take bin gida daga hannu zuwa hannu. Ita tana buƙatar magani, amma wanda ya dace, a ma'aunin da ya dace, ba na tire ba. Filajil ɗin da mutanenmu ke ruga wa duk lokacin da ciki ya murɗa, na wasu halittu ne daban irin su amiba, ba ya taɓa Shigella. Akwai kuma wasu jinsunan E. coli da ke sa zawo mai ruwa, akwai Salmonella da Campylobacter da ake yawan ɗauka daga kaji da ƙwai da naman da bai dahu ba da nonon da ba a tafasa ba. Yawancin zawo mai ruwa irin wannan yana wucewa da kansa cikin ƴan kwanaki in dai ana mayar da ruwa, ba ya son kafso ko ɗaya. Duk kafson da aka sha a banza kuwa horar da ƙwayoyin yake yi, har ranar da za a nemi maganin da gaske a tarar ya daina ci. Rota ma, ƙwayar da ke sa ƙananan yara zawo, wadda ake ɗiga wa jarirai rigakafinta a baki tun 2014, ba ta cikin wannan dangi sam, bairos ce, maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai.

Kwalara kuwa mu mutanen Maradi ba sai an ba mu labari ba. A damanar 2018 ta ɓulla a yankin Madarumfa, kusa da iyaka, ta shigo har cikin gari, ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan. Ta dawo a 2021 ta kama sama da 5,000, jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ita ba ta huda hanji, dafi take saki wanda ke sa hanjin ya yi ta ambaliyar ruwa, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙato mai ƙarfi da ka gaisa da shi da asuba a masallaci, kafin magariba sai a ce ya tafi. Na tuna bokitan ruwan kulorin a ƙofar likita, na tuna yadda mutane suka daina sayen salak da kankana yankakkiya. Da annobar ta lafa duk muka koma yadda muke. Abin da ban yi tunaninsa ba sai yanzu shi ne, hanyar da kwalara ke bi ta shigo gida ita ce dai hanyar da atini ke bi, kuma shi ba ya jiran shekarar annoba.

Da muka dawo gida sai na yi abin da nake sa ɗalibai su yi a takarda: na bi sawun ruwanmu. Famfon unguwa lafiya lau. Daga famfo ɗan ga-ruwa ke cika bidunansa, na leƙa cikin ɗaya na ga gansakuka ta yi kore a gindi. Daga bido sai randar Inna da ke gindin darbejiya, ruwanta sanyi ƙarara, kowa na sonta. Moɗa ɗaya ce. Yaro ya fito daga masai ya ɗauke ta ya tsoma har wuyan hannu, almajiri ya sha, ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar. Daga randar nan ake ɗiban ruwan dama kunun yarinya. Butar masai tana nan, sabulu babu, yana can ɗaki an ɓoye don kar yara su jiƙa shi. Kafin cin tuwo kwano ɗaya na ruwa ke zagayawa, babba ya fara wanke hannu, ƙarami ya ƙarasa a cikin dattin kowa. Fon yara kuwa a kan ajiye shi bayan ɗaki har a gama aiki, ƙuda na ta biki, saboda mun ɗauka kashin yaro ba ƙazanta ba ne. Alhali na yaro mai zawo cike yake da ƙwayoyin da suka kwantar da shi.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Na sayo bokiti mai murfi da ɗan famfo a jiki don ruwan shan yara, muna jefa ƙwayar Aquatabs, ta kulorin tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a takardarta, mu jira minti talatin. Randa ta samu faifai da ludayi mai dogon hannu da aka rataye a ƙusa. Na ɗaure sabulu da igiya kusa da buta. Wanke hannu ya koma zubawa daga buta, kowa da nasa ruwan. Na rubuta ma'aunin gida na manna a bangon madafa saboda ranar da babu ƙunshi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin nan na gishiri, kuma abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Yarinyar ta ɗauki kusan wata biyu kafin ta mayar da jikinta. Majo ya ce a ƙara mata ci sau ɗaya a kan na kullum har mako biyu, domin daga zawo ne tamowa ke samun ƙofa, mai tamowa kuma shi zawo ya fi kayarwa. Uwar ta dinga sa mata garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai a kunu.

Abin da ya fi wuya shi ne Inna. Kwana biyu ba ta yi mini wata doguwar magana ba, ni ma na kasa haɗa ido da ita. Ranar Lahadi da daddare na je gaishe ta, na tarar tana narka zinkin a cokali. Ta ce in zauna. Ta ce, "Malam, ka san kafin kai akwai biyu." Na sani, amma ba a taɓa faɗa mini yadda aka yi ba. Ta ce na farkon watansa tara, ta biyun ta fara tsayuwa. Duk da damina, duk zawo. Uwar mijinta ta duba ta ce haƙori ne, aka jiƙa saiwa, aka shafa magani a maɗiga don ta taso. Ta ce har yau tana ganin idon ta biyun yadda ya faɗa. "Daren nan da ka tsunkuli cikin yarinyar nan fatar ta tsaya, na gane ta. Haka tawa ta yi." Ta yi shiru, ta goge cokalin da bakin zane. "Kwana ya ƙare, na sani. Amma da an ba ni cokalin nan a lokacin, da na ba su."

Ban sami abin cewa ba, sai addu'a na yi musu.

Bayan mako biyu Inna ta ƙwala mini kira daga tsakar gida. Ta buɗe bakin yarinyar da yatsa, ga fararen haƙora biyu sun huda a sama. Ta ce, "Ka gani? Na ce maka yana tafe." Na ce na gani, Inna. Ta miƙo mini ita a gaban kowa, ta ce in riƙe mata kishiyarta, ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta, ta ƙirga ƙunshin garin da ta adana a ƙarƙashin zannuwa. Saura biyu. Ta ce in na fita kasuwa in ƙaro huɗu, jikan maƙwabciyarta ya fara rarrafe.